Kaka Pansu da Fuskokin Masunta

A bakin wata mai ɓare kawa, irin ƙumbar tekun nan da ake cin namanta, na fara jin sunan kakana. Ina 'yar shekara sha ɗaya muka je tsohuwar kasuwar bakin ruwa da Mama, wadda ba kasafai take taka wurin ba. Tana cinikin busasshen kifi a rumfar gaba, ni kuma na tsaya wajen wata tsohuwa da ke aiki da 'yar wuƙa ba ta ko duban hannunta. Ashe na ƙura mata ido ban sani ba.

"Ke 'yar nan, daina auna ni, da sauran kwanana," in ji ta. Sai ta ajiye wuƙar ta leƙo fuskata. "Kai! Wannan ai idon Tak Pansu ne. 'Yar gidan wa ce ke?"

Kafin in buɗe baki Mama ta finciko hannuna, ta bar kifin a nan. A hanya na tambaye ta wane ne Tak Pansu. Ta ce wani mai fentin jirage ne, in kula da mota. Sai da na shiga sakandare na gane cewa mahaifinta ne, yana nan da ransa, kuma shuɗin rufin da nake hangowa daga tagar ajinmu, can kan tudun bayan tsohuwar tashar jirage, nasa ne.

Wata Asabar na hau tudun ni kaɗai. Na same shi tsugune a tsakar gida yana wanke buroshi a gwangwani, ɗan tsoho siriri mai manyan kunnuwa. Na faɗi sunan Mama. Ya ɗago sau ɗaya, sannan ya juya ya fuskanci katanga, kuma haka muka yi hirar ranar, ina magana da ƙeyarsa. Na ɗauka fushi ne. Daga baya na fahimci cewa duk wanda yake so, ba ya kallon fuskarsa. Kafaɗa yake kallo, ko takalmi.

Aikinsa na asali shi ne rubuta sunayen jiragen kamun kifi a goshinsu. Amma a zamaninsu teku yana cin maza, musamman da sanyi, kuma ba ya mayar da gawa. Yawancin masuntan ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Wanda ya taɓa, hoton yana jikin katin shaidarsa, katin kuma yana aljihunsa a ƙarƙashin ruwa. Ranar jesa, wato ranar tunawa da mamaci ta kowace shekara, ta zagayo, a jera teburin tunawa, shinkafa da miya da kifi, a buɗe ƙofa don mamacin ya shigo ya ci, amma babu fuskar da za a jingina a kan teburin. Sai matan mamatan suka fara hawa tudun, ya zana musu fuskokin mazajensu.

Yakan sa a zo masa da duk wanda ya rage na jinin mutumin. Ya ɗauki goshi a wajen ɗa, haɓa a wajen ƙane, hanci a wajen uwa. Matar kuma yakan yi ta mata tambayoyin da ba a yi wa mai takaba: da wane ɓangare yake tauna, in ya yi ƙarya ina yake kallo, yaya bakinsa yake in ya sha giyar shinkafa. A kan katakon akwatin kifi yake zane, da ragowar fentin jirgi, shi ya sa duk mutanensa suke da ɗan shuɗi a ƙarƙashin ido. Idanu yake bari sai ƙarshe, kuma shi kaɗai yake yin su. Ladansa buhun sha'ir ne ko ɗaurin busasshen kifi. Bai taɓa rubuta sunansa a ko ɗaya daga cikin zanen ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Wa ke rubuta sunansa a fuskar wani?"

Garin ya gode masa, garin kuma ya guje shi. Aka ce in ya daɗe yana kallon mutum, ajiye fuskarsa yake yi don gaba. Masunta suka riƙa jan hula su rufe ido in sun hango shi a tasha. Ba a kiransa biki. Ranar auren Mama, dangin ango suka aiko a hankali cewa zai fi kyau kada ya zauna a kujerar uban amarya, shi kuma ya tafi ya kwana biyu a wani tsibiri yana fentin jirgin da bai buƙaci fenti ba. Mama ba ta yafe wa dangin ba, shi ma ba ta yafe masa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsoronsa ba, wato tsohuwar nan mai kawa. 'Yar Namhae ake ce mata, da sunan garin da aka auro ta. Mijinta Ok Gilnam abokin Kaka ne tun suna yara, kuma shi ne mutum na farko da ya zana. Ta ba ni labarin da kanta. Ta ce da Kaka ya yaye zanin da ya rufe katakon, ba kuka ta yi ba, zagi ne ya fito mata: "Ɗan taurin kai, ban ce maka kada ka fita yau ba?" Kaka ya ce tun daga ranar, in mace ba ta yi wa hoton faɗa ba, ya san bai gama ba.

Kusan kullum da la'asar takan hau tudun da 'yar robar kawa, tana haki tana mita.

"Tsohon banza, ka rasa inda za ka zauna sai kan dutse? So kake in mutu a hanya ka sami aiki."

"Ke? Fentina ya fi ƙarfin wannan fuskar. Sai dai kwalta."

"Ji shi, hannu kamar mazari. Ungo ka ci, kafin ka zubar."

Shekarar da na gama makaranta na kama aikin sayar da tikiti a tashar jirgin fito, gwiwar 'Yar Namhae ta ƙi. Ta kwanta asibiti, ɗanta ya zo daga Busan ya kama mata ɗaki a dogon bene mai lif, ya sayar da tsohon gidan. Ya kira masu kwasar tarkace ya ce su share komai. Hoton Gilnam yana naɗe cikin zani a saman kabad, inda yake zama daga jesa zuwa jesa. Da shi aka tafi.

Ina wurin lokacin da ta gane. Ɗan yana ta ba ta haƙuri, yana cewa, "Mama, sai a rubuta sunansa a farar takarda a jingina, kamar yadda kowa ke yi."

"Takarda? Ubanka ya iya karatu ne? Ko sunan jirginsa sai Pansu ya nuna masa ta ina ake farawa! Ya shigo wannan benen mai ƙofofi iri ɗaya, ya ga takarda, ya gane nan ne wurinsa?"

Ta sa na tura ta a keken marasa lafiya har gindin tudun, Kaka ya sauko. Ta ce ya sake zana mata shi. Ya ce a'a. Ta ce in hannunsa ne ke rawa, ya yi ko yaya ne, Gilnam dama ba kyau gare shi ba. Ya ce ba hannu ba ne.

"Fuskarsa tana wani wuri. Can yake zuwa. In na yi ta biyu, raba shi zan yi, ya tsaya a mararraba bai san inda zai bi ba."

"To can ɗin wa ke dafa masa?"

Kaka ya dubi tayar keken. A jesar shekarar ta jera teburi ba fuska. Ta ce da ta ɗaga murfin shinkafar bayan an gama, ta san ba wanda ya zo. Ban tambaye ta yadda ta sani ba.

Bayan bazara biyu wani mutum ya sayi tikiti a tagata, ya tambaye ni ko na san wani tsoho da ya taɓa zanen mamata a garin nan. Darakta Eom ne sunansa, yana da gidan baje kolin zane a Seoul. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙage ba. Ya cire takalmi a ƙofar Kaka, ya rusuna sosai, ya kira shi Malam. A iya sanina ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ya buɗe babbar wayarsa yana nuna mana hotunan katakai da ya tattaro daga hannun 'yan gwangwan, Kaka kuma yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwa. Sai ga Gilnam, da karkataccen bakinsa.

"Wannan yana ina?"

"Ya riga ya fita daga hannuna, Malam. An sake sayar da shi ma a gwanjo."

"Wa ya saya?"

"Ba a faɗa. Amma ai shi ya kawo ni." Ya gyara zama. Ya ce an yi sabuwar doka, nan gaba kaɗan za ta fara aiki. In an sake sayar da zane, mai zanen yana da ɗan kaso, in ba ya raye magadansa su karɓa. Kuma yana da ikon ya tambaya a gaya masa in zanensa ya canja hannu. Sai dai doka ba ta san zanen da ba shi da mai shi ba. Abin da ake so kawai Malam ya buga hatiminsa a takardar shaida cewa shi ya yi su.

Kaka bai ji maganar kaso ba, na ga haka a jikinsa. Abu ɗaya ya kama.

"In ya motsa za a gaya mini?"

"Za a gaya maka, Malam."

Ya ce a ba shi lokaci. 'Yar Namhae ta ji labari, ta sa aka kira mata shi a waya, muryarta har tsakar gida.

"Me kake jira? Hatimi ne fa, ba ƙodarka aka ce ka bayar ba!"

"Ba nawa ba ne da zan ce nawa ne."

"Naka ne ko na kare ne, ni dai a nemo mini mijina. Shekara biyu bai ci ba."

Washegari ya ciro hatimin daga cikin safa, wanda bai taɓa amfani da shi ba sai a ofishin gunduma. Ni na riƙe masa kwanon jan tawada saboda rawar hannunsa. Yana bugawa yana cewa, "Yi haƙuri, Mansu. Yi haƙuri, Baban Okja." Kowace takarda sai ya ba mai fuskar haƙuri.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya hango shi a cikinmu, wataƙila ban da Darakta. Da can katakai ne na wani da ba a sani ba. Yanzu sun sami suna, da labari, da tsoho mai rai da za a iya ɗauka a talabijin yana kallon katanga. Kafin ganye ya zube, dillalai suka cika garin. Ni nake sayar musu da tikitin tsibirai, ina ganinsu suna dawowa da abubuwa masu faɗi naɗe cikin bargo. Suna bin gida gida, suna tambayar ko akwai tsohon katako a saman kabad. 'Ya'yan da suka koma coci suka sayar. Jikokin da ba su san mutumin ba suka sayar. Wata ta ce mini ta ɗauki hotonsa da waya kafin ta bayar, ai duk ɗaya ne. Ban ga laifin kowa ba, mutane suna da kuɗin asibiti da na makaranta. Amma fuskokin da suka yi shekara hamsin suna cin shinkafa a gidajensu, cikin 'yan watanni suka hau mota suka yi arewa.

Kaka ya daina wanke buroshi. Ya koma zama a bakin ƙofa yana kallon hanyar da ta fita gari. Wata rana ya ce mini, "Ɗaya na je nema, na kori sauran."

A lokacin ne Mama ta hau tudun, karo na farko tun aurenta. Ta zo da miyar ganyen teku a kula. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "An ce ni ce magajiya. Wannan fentin ya hana ni uba tun ina yarinya, in yanzu zai ba ni wani abu, ya ba ni." Ya ce, yana kallon takalminta, "Kin yi gaskiya." Ta zuba masa miyar ta zauna har ya shanye. Daga nan ta riƙa zuwa ran Lahadi, ba sa wata magana.

Na yi ta kiran Darakta a kan Gilnam. Ya ce dokar ba ta fara ba tukuna, kuma ko ta fara, abin da za a gaya mana shi ne an sayar, ranar kaza, a kan kaza. Sunan mai saye ba ya ciki. Na ce ba haka Kaka ya fahimta ba. Ya ce ya yi nadama in an sami rashin fahimta. Amma ya yi mini alheri ɗaya. Da sanyi ya kira ni ya ce mai katakon ya ba da aronsa don wani baje koli, in ina so in gani.

Na hau motar safe zuwa Seoul. Ɗaki ne fari tas, ba ƙamshin komai. An jera su a bango, kowanne da fitilarsa, mutanen garinmu, waɗanda na san jikokinsu. A ƙarƙashin kowanne an rubuta sunan Kaka da manyan baƙaƙe, nasu kuwa babu. Gilnam yana kusa da ƙofa. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ranar. Yana kallon gefe, kamar wanda aka bari a tasha aka ce ya jira. Na rusuna masa sau biyu kamar yadda ake yi wa mamaci, mai gadi yana kallona. Na gaya masa sunan benen, da hawa na nawa, na ce ƙofar da aka ɗaura wa jan zare ce, matarsa ta ɗaura. Na bar wa ma'aikaciyar wurin saƙo ta kai wa mai shi, cewa akwai wata tsohuwa da ke roƙon aronsa na yini ɗaya kawai a shekara, za mu zo mu ɗauka mu mayar. Ta karɓa da hannu biyu. Ba mu taɓa jin amsa ba.

Da na dawo na nuna wa 'Yar Namhae hoton da na ɗauka. Ta daɗe tana kallo.

"Ya rame," in ji ta.

"Iya, fenti ne, ba ya ramewa."

"Ke me kika sani? Kashe abin nan."

Ta rasu kafin furannin bazara su fito. Kaka bai je jana'izar ba, don bai saba zuwa inda ake taruwa ba. Ya sa na kai masa labarin wane hoto aka sa mata. Na ce na katin tsofaffi ne, tana harara. Ya ce to ita ce.

Shi ma bai daɗe ba. Bai ga ranar da dokar za ta fara ba, bai karɓi ko won ɗaya na kuɗin ba. Mama ta kawo mini takardun gadon da ya bari ta ajiye a kan gadona, ta ce, "Ke kika san su, ke za ki ji da su." Yanzu ni ce za a sanar wa duk lokacin da ɗayansu ya tashi daga bangon wani ya koma na wani. Wani lokaci ina zaune a tagar tikiti, in jirgin yamma ya sauke mutane, sai in tsinci kaina ina duba masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga mai shuɗi a ƙarƙashin ido.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona, kuma sau ɗaya. A lokacin kaka na ƙarshe da ya gani ne, ina yanke masa farce a bakin ƙofa, rana tana dukan bayanmu. Ya kira sunana, abin da ba ya yawan yi.

"Narae."

"Na'am, Kaka."

"Abin da za su aiko in an sayar, kada ki mayar, kada kuma ki sa a banki. Ba nawa ba ne, ba na uwarki ba ne. Kuɗin abincinsu ne."

"To, Kaka."

"Ba ki gane ba. Ba su san hanyar Seoul ba, ba su san benen nan ba. Amma ni sun san ni. Ni suka fara gani da na buɗe musu ido. In na tafi, duk inda na nufa za su biyo ni." Ya miƙo ɗaya hannun. "Ranar jesata, ki yi a nan, kada ki yi a bene. Ki ari babbar tukunyar rumfar kawa. Ki cire ƙyauren gaba ɗaya ki jingine, kada su yi cunkoso. Kuma kada ki zuba mini nawa sai kowa ya samu."